Ranar da Baba Mamman Ya Yi wa Kekena Ado

Sai da na shekara huɗu a Madina kafin wani ya tambaye ni abin da na iya. Mutumin da ya kawo ni ya ce tuƙin mota zan yi. Muna sauka Jidda ya karɓi fasfona, ya damƙa ni hannun wani mai gidan burodi, daga ranar ban sake sa shi a ido ba. Tuƙin da na samu shi ne na keken kai burodi. In ɗaure kwando tun asuba, in bi shaguna daga Harra ta Yamma har Aziziyya, in dawo in tsaya bakin tanda ina zufa har azahar. Sunana Haruna, amma a gidan burodin nan ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa ya kira shi. "Ya Takruni, ta'al!" Wato kai baƙin Afirka, zo nan. Shi ke nan sunana.

Ni kuwa mutumin Yawuri ne, ɗan masunta. Na iya ruwa tun kafin in iya ɗaura wando. Sai ga ni a garin da ba kogi, unguwarmu duk baƙin dutse ne mai ƙona tafin ƙafa. Garin Manzo ne, ba na raina shi, Allah ya sani. Amma akwai ranar da in na tuna ƙamshin kifi a kan wuta a bakin Kwara, sai in ajiye keke a gefen hanya in share ido.

Wanda ya riƙe ni a garin shi ne Baba Mamman, tela, mutumin Damagaram, wanda ya zo ƙasar da ƙafa ta Sudan tun yana saurayi. A masallacin unguwa ya tsince ni ina rawar ɗari da zazzaɓi a watana na biyu. Bai tambaye ni ɗan gidan wa ba ne. Ya ba ni ɗaki a saman gidansa, ya ce wa iyalinsa a ƙara hannu a tukunya. Tun ranar "ɗana" yake ce mini, ni ma ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ido cikin ido ba.

Mai tambayar abin da na iya kuwa Usman ne, Bahaushen Sudan, direban babbar motar wani kamfani da ke zirga-zirga tsakanin Madina da Yanbu'u a bakin teku. Wata rana muna shan shayi ya ce, "Kai, Turawan kamfaninmu ba su da aikin yi. Sun shirya wata gasa a Yanbu'u, a yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu, ba hutu. Kai ba ka ce ka iya ruwa ba?"

Na ce, "Keken, nisansa nawa?"

Ya kwatanta mini. Na auna a raina, ya kusa tafiyar Yawuri zuwa Kwantagora. Na ce ya sa sunana. Ya yi dariya har ya ƙware, amma ya sa.

Wata bakwai na yi ina shiri. Gudu a cikin duwatsun Harra kafin rana ta ɗaga. Iyo a tankin ban-ruwan wata gonar dabino da mai ita ya tausaya mini, hannu goma ka kai bango ka juyo, kamar kifi a cikin randa. Keke kuwa na sayi wani tsohon siriri na tsere a haraj, kasuwar gwanjonsu. Kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar ƙahon rago. Duk wani ƙarfen da ba ya tura ni gaba na kwance shi na yar, har fentinsa ya kankare, ban damu ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sirdin. Siriri ne na fata, da farko tauri kamar itace. Kullum in shafa masa man zaitun, in hau, in sha azaba, har ya yi laushi ya ɗauki siffar jikina. Duk wanda ya yi doguwar tafiya a keke ya san ba a sayen irin wannan sirdi a kanti, zama ne yake yin sa.

Saura takarda. A lokacin baƙo ba ya fita daga gari zuwa gari sai da wasiƙar kafili, wato maigidan da iƙamarka, takardar izinin zama, take hannunsa. Wata biyu ina bin mai gidan burodi, kullum "bukra", wai gobe. Gasa ranar Juma'a da asuba, bai sa hannu ba sai ranar Alhamis da hantsi. Ya wurgo mini ita a kan tebur ya ce wannan ce ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe, kada in ƙara zuwa masa da zancen wasa. Usman kuma ya riga ya gaya mini motarsa za ta tashi daga wajen masallacin Ƙiblatain ana idar da la'asar, ko da ni ko ba ni.

Na dawo Harra da gudu, takarda a aljihu, raina fes. Abin da ya rage kawai in ƙara iska, in ɗiga mai a sarƙa, in ɗaura gorar ruwa. Na shiga zaure, inda nake jingina keke, wayam.

Na ƙwala sallama. Zainabu, 'yar Baba, ta amsa daga bayan labule. Haifaffiyar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayarwa. Na ce, "Ina kekena?"

Ta ce, "Abuya shalaha min badri." Wai babanta ne ya fita da shi tun da wuri.

Baba bai iya hawa keke ba. Ina tsaye ina wannan tunani sai na ji ƙararrawa daga bakin layi, ƙilin-ƙilin, ƙilin-ƙilin, da hayaniyar mutane. Na leƙa. Ga Baba Mamman yana turo wani abu, maƙwabta biyar ko shida na biye da shi suna ta "Masha Allah". Wallahi da farko ban gane kekena ba ne.

An cire lanƙwasasshen kan, an sa miƙaƙƙe mai tsayi irin na keken liman. Madubi biyu, dama da hagu. Ƙararrawa. Fitila da ɗan injinta mai gogar taya. Marfin taya gaba da baya, na ƙarfe, masu nauyi. Kariya a baya wadda za ta ɗauki buhun shinkafa. Ƙarfen jingina. Jikin keken duk an naɗe shi da roba ja da kore, yadda ake yi wa sabon keke a gida. A sama kuma, inda sirdina yake, an kafa wani faffaɗan sirdi mai sifirin biyu, an yi masa riga ta karan-miski da geza. Ɗinkin rigar na gane shi, na Baba ne.

Ya tsayar da shi a gabana, ya ja baya, yana haki yana murmushi. "To, ɗana. Yanzu ka zama mutum."

Wani maƙwabci ya ce, "Kai Haruna, ka yi dace da uba! Tun sassafe tsohon nan yake tsaye kan mai gyara a Aziziyya." Wani ya danna ƙararrawa. Wani ya ɗaga hannu ya fara addu'a, dole na ɗaga nawa. Ina cewa amin, idona yana kan sirdin. Wata bakwai! Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri." Me zan ce? Mutum ya riƙe ka shekara huɗu, ya yi maka kyauta a gaban jama'a, ka ce masa ya ɓata maka kaya? Ba a haife ni haka ba.

Aka kawo shayi, aka kawo dabino. Kowa sai ya taɓa gezar nan ya yaba. Ina kallon inuwa tana guntulewa a jikin bango. Da ƙyar na samu na ce zan je in gwada shi, daga can in wuce wajen mota. Na ɗauko jakata da sifanata ɗaya tak, na hau. Yadda ka san na hau jaki.

Na isa Aziziyya daidai ana kiran azahar. Shagon mai gyaran na san shi, ina wuce shi kullum da burodi. Na tarar yana jawo ƙofar ƙarfe ƙasa. Kafin ta rufe na hango kan kekena rataye a ƙusa, da hannayen birkinsa, an ma goge shi an jera cikin kayan sayarwa.

Na ce, "Wancan nawa ne! Ba ni!"

Ko kallona bai yi ba. "Sala, sala," ya ce, ya datse kwaɗo.

Duk wanda ya zauna ƙasar ya san ma'anar wannan. In aka rufe da azahar, daga masallaci sai abinci, daga abinci sai barci, ba mai buɗewa sai bayan la'asar. Na bi shi masallaci. Allah ya gafarta mini, sallar nan ban san abin da na karanta a cikinta ba, idona yana kan ƙeyarsa. Ana sallamewa na riga shi zuwa wajen takalma na tare hanya.

Larabcina na burodi ne: nawa, kawo, gobe, babu. Na haɗa abin da nake da shi na jefa masa. Ya ce tsohon da ya kawo keken ya ce a cire duk abin da ya tsufa, an cire, abin da aka cire kuma na shago ne, haka ake yi. In ina so in saya, in dawo da yamma. Ya ce "harban" ne ma, lalatacce. Na ce in lalatacce ne me ya sa ka goge shi ka rataye? Amma da Hausa na faɗa, don Larabcin ya ƙare. Kaina ya ɗau zafi, na riƙe hannun rigarsa. Nan take na ji an dafa ni ta baya.

"Sake shi, bawan Allah. In 'yan sanda suka zo kai za su ɗauka, ba shi ba."

Hausa ce tsantsa ta Zazzau. Wani siririn mutum ne mai tabarau, littattafai a hammata. Ya ce sunansa Malam Ilyasu, ɗalibi ne a jami'a. Na zayyana masa komai a tsaye. Ya saurara, ya gyara tabarau, ya juya wajen mai gyara, ya buɗe baki da Larabcin littafi, irin wanda ake huɗuba da shi. Ban ji rabinsa ba, amma na ji amana, na ji baƙo, na ji maƙwabtan Manzo. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Masu neman takalmansu suka tsaya. Wani dattijo Balarabe mai sanda ya dubi mai gyaran ya ce, "Haram alaik." Shi ke nan. Mutumin ya yi tsaki, ya wuce gaba, muka bi shi.

Ya buɗe ƙofar rabi, ya miƙo kan keken da wayoyin birki a cukurkuɗe. Na ce, "Sirdi fa?"

Ya watsa hannu. Mai sayen tsohon ƙarfe ya biyo da safe ya kwashe tarkacen ƙasa, har da shi. Ina yake? Can bayan Ƙiblatain, wajen gonaki.

Malam Ilyasu ya ce, "Wai duk wannan a kan wasa ne?"

Na ce, "Malam, shekarata huɗu ana aike na. Wannan ne abu ɗaya da na aiki kaina."

Ya dube ni, ya taya ni ɗaure kan keken a kariya da igiyar littattafansa. Ban sake haɗuwa da shi ba har na bar ƙasar. In yana raye Allah ya ba shi lafiya.

Daga Aziziyya zuwa Ƙiblatain a tsakar ranar Madina, ba kowa a titi sai ni da kyanwoyi a ƙarƙashin motoci. Kwalta tana ɗaukar ido. Marfin taya yana ƙarar-ƙarar, madubi yana haska mini rana a fuska, duk ramin da na faɗa sai ƙararrawa ta amsa da kanta. Wasu alhazai da ke jiran mota a inuwar masallacin suka bi ni da kallo, ɗaya har ya ɗaga kyamara. Na tambayi mutum uku kafin in sami wurin: wani fili ne da aka kewaye da kwano, cike da tsofaffin gadaje da gwangwanaye.

Mai wurin ɗan Yaman ne, tsoho, yana zaune a inuwa yana gyaran famfon rijiya. Na kwatanta masa da hannu. Ya gane nan da nan, ya tashi ya tona tsibin ƙarfe, ya zaro ya miƙo mini.

Ƙarfen sirdin ne kawai, tsirara. Fatar babu.

Na ce ina fatar? Ya nuna famfon da ke gabansa. Ya yanka ta zagaye-zagaye ya yi wa famfo washa da ita don kada ya yi yoyo. Har yana yaba ta, wai fata ce mai kyau, ta sha mai. Na ɗauki wani guntu daga ƙasa, na ji ƙamshin man zaitun ɗina. Innalillahi. Na tsuguna a wurin na dafe kai. Ban yi masa faɗa ba, ina laifinsa? Ƙarfe ya saya. Da ya ga halin da nake ciki ya shiga ɗaki ya kawo mini ruwan tulu mai sanyi, ya tona akwatinsa ya ba ni aron sifana biyu da filaya, ya ce in bar su wajen mai shayin tasha, zai karɓa. Na duba duk filin nan ko akwai wani siririn sirdi, ko na yara ne. Babu.

Motar Usman tana tsaye a bakin hanyar Yanbu'u, an gama lodi. Na kwantar da keke a inuwarta na fara kwance-kwance. Usman ya sauko, ya zagaya keken sau biyu, ya riƙe ciki. "Ya salam! Gasa za ka je ko kai amarya?"

Na ce, "Usman, in ba za ka riƙe mini nan ba, ka koma mota."

Mai gyaran nan ya ɗaure kowane noti kamar da gayya. Na kwance kariya, na fasa ɗan yatsa. Na kwance marfin gaba, na baya ya ƙi, sai da na cire tayar bayan ɗungurungum. Aka kira la'asar, muka yi salla a gefen mota, na dawo kan wayar birki. Bakinta ya tarwatse, ta ƙi shiga rami. In murɗa, in lasa, in tura, ta lanƙwashe. Usman ya tada inji, ya leƙo ta taga yana nuna mini agogo. Ga zufa tana shiga mini ido, ga jini a hannu, ga robar nan ja da kore ta manne da jikin ƙarfe saboda zafi, tana fita guntu-guntu. Na fizge madubi ɗaya na buga shi da ƙasa, na ce da ƙarfi, "Wai wane irin rashin hankali ne wannan? Keken tsere da madubi biyu! Wa ya aike shi? Wa ya ce ya taɓa mini kaya?"

Na ga fuskar Usman ta canja. Ya kashe inji.

Na waiwaya. Baba Mamman ne tsaye a bayana, cikin farar rigarsa ta Juma'a, da ƙullin dabino a hannu ɗaya da fulas ɗin shayi a ɗaya. Rakiya ya zo yi mini. Tasi ya shiga tun daga Harra, shi da ba ya shiga tasi.

Na ce, "Baba..."

Bai dube ni ba. Yana kallon kayan da ke warwatse a ƙasa: kariya, fitila, ƙararrawa, rigar karan-miski a cikin ƙura, fasasshen madubi. Sannan ya ce, "Mi ya sa ba ka gaya mini ba tun a gida?"

Na ce, "Na ji kunya, Baba. Nauyi ne da su. Gasar ta gudu ce, duk abin da aka ƙara ni zan ja shi."

Ya ajiye fulas a ƙasa a hankali. "Ran da na shigo ƙasar nan, ɗana, riga ɗaya gare ni, ita ma rabi. Na tsaya bakin wata kasuwa ina neman wanda zan tambaya hanya, sai wani ya jefo mini sadaka a ƙafa. Ni da na bar shanun ubana a gida. Na yi rantsuwa ba wanda zai fita daga gidana ya tsaya gaban baƙi a tsiyace. Kullum ina ganin kekenka a zaure, ba fitila, ba fenti, kamar wanda ɓarayi suka yi wa tsirara. Na zaci rashi ne ya sa kake ta cire kayansa kana sayarwa. Na ce Turawa za su yi maka dariya."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya karɓi wayar birkin daga hannuna, ya zaro zare daga aljihu, ya naɗe bakinta tamau yadda yake yi wa zaren da ya ƙi shiga allura, ya tura. Ta shige tashi ɗaya. Ya riƙe mini keken na ɗaure kan, na gwada birki, ya kama. Usman bai ƙara taɓa agogo ba.

Baba ya shimfiɗa rawaninsa ya fara tattara kayan ɗaya bayan ɗaya, har gutsattsarin madubi. Ya kakkaɓe rigar sirdin ya ninke. Ya ɗago ya dubi keken, ya ga ya koma yadda yake da, sai abu ɗaya.

"Wannan fa? Ba ka cire ba."

Faffaɗan sirdin yake nufi. Na dubi fuskarsa. Na ce, "Wannan kam na bar shi, Baba. Ya fi nawa."

Wallahi sai da fuskarsa ta washe. "Ai na gaya wa mai gyara ya sa wanda ya fi kowane laushi. Tafiya mai nisa, mutum ya zauna kan abin nan naka kamar bakin wuƙa?" Ya dafa kaina ya yi addu'a. Muka ɗora keke a kan kaya, mota ta tashi, na bar shi a bakin hanya da ƙullin ƙarafa a kafaɗa.

Gasar ba ni da dogon labari a kanta. Da asuba muka faɗa teku, mu wajen talatin. Gishiri ya shiga mini ido da hanci, amma ruwa ruwa ne. Na manta da tanda, na manta da kafili, na miƙe hannu yadda ban miƙe ba shekara huɗu. Mutum biyu ne kawai suka riga ni fita. Wani Bature mai riƙe da takarda ya duba lambata ya kira sunana da irin bakinsu, yana tafi.

Na hau keke da jiƙaƙƙen wando. Da farko lafiya lau, har na ce ko na zalunci sirdin nan. Kafin rana ta yi tsawon mashi gefunansa suka fara cin cinyoyina. Kowane taki sai sifirin ya jefa ni sama, in dawo, ya goge ni a wuri ɗaya, ga gishirin teku a cikin wandon. Na karkata dama, na karkata hagu. Na miƙe tsaye a kan feda har ƙafafuna suka fara rawa, na koma na zauna, na ji kamar an ɗora ni a kan garwashi. Waɗanda na bari a ruwa suka dinga wuce ni ɗaya-ɗaya, har wani mai tumbi da ya girme ni nesa. A wajen juyowa na duba ƙasa na ga jini ya gangaro har safa. Ban sauka ba. Na ci gaba, ina takawa ina zagin mai gyara, ina zagin kafili, ina zagin kaina da ban ɗaure keken a ɗakina ba. Baba ne kawai na kasa zagi, shi ne kuma abin da ya fi ci mini rai.

Da na iso wurin ajiye keke, Baturen nan ya tare ni da hannu biyu. Usman ya fassara: hukuma ta ba su hanyar ne zuwa kafin sallar Juma'a, duk wanda bai sauka daga keke a kan lokaci ba, ba zai shiga gudu ba. Na makara da abin da bai kai shan kofin shayi ba. Na ce ya gaya masa zan iya, ko da rarrafe ne. Baturen ya dubi ƙafafuna ya girgiza kai, ya miƙo mini ruwa. Na je ƙarƙashin motar Usman na kwanta rubda ciki, don zama ba ya yiwuwa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na san takarda ta biyu ba za ta fito ba, kuma ba ta fito ba.

Ranar Asabar da hantsi muka shigo Madina. Na turo keken da hannu tun daga titi, ina tafiya a tale. Baba yana zaure a kan tabarma, keken ɗinkinsa a gefe. Ba a gaida babba a tsaye. Na cije leɓe na tsuguna, duk ɓawon da ya fara kamewa ya tsage lokaci ɗaya.

"Sannu da hanya, ɗana. Ka gama?"

"Ban gama ba, Baba. Rana ce ta yi zafi."

"Allah bai nufa ba." Ya gyara zama. "Sirdin fa? Ya yi daɗi?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

Ya dube ni. Ya dubi yadda na dafa ƙasa da hannu biyu, da zufar da ke tsattsafo mini a goshi, da wandona. Ya daɗe yana kallo, ni kuma ina kallon tabarma. Can ya juya wajen labule, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Zainabu. Ɗora ruwan zafi. Ki kawo man kaɗen nan da aka aiko daga gida."